Baba Ya Faɗi Gaban Allo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu wata Talata da hantsi, a tsaye, yana tsakiyar magana. Ni kaɗai ce tasa a ɗakin.

Duk wanda ya shigo gidanmu na Yelwa ran nan, kafin ya yi mana gaisuwa sai ya fara da musu. Limamin unguwa ya ce ai a bayansa Baba ya yi asuba, har sun tsaya ƙofar masallaci suna maganar gyaran kwata. Mai shayin bakin titi ya zo hannunsa duk madara, yana rantsuwa shi ya haɗa masa shayi da safen nan. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Shanga a bayan babur, ta tsaya bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba.

"Wane Yayan?" ta ce. "Wanda muka yi waya jiya yana yi mini tsiya? A'a. Ku dai koma ku duba."

Baba Babba, wan Baba, ya yi shekaru yana fama da ƙafa, sai an riƙe shi yake fitowa. Aka zaunar da shi a zaure. Bai yi kuka ba, sai juya kai yake yi.

"Ni ke da ciwo," ya riƙa cewa. "Ni ake jira. Yaron ga ko zazzaɓi ba ya yi."

Maigidana kuwa daga aji aka kira shi, malamin lissafi ne a sakandare. Bayan an dawo daga maƙabarta aka neme shi aka rasa. Ashe ofishin da muke aiki ni da Baba ya tafi ya ɗauko kekensa. Turo shi ya yi da ƙafa har gida, bai hau ba. Ya jingine shi inda Baba ke jingine shi, sannan ya zauna a ƙasa kusa da shi.

Wayoyi suka yi ta shigowa daga Kaduna da Legas, mutanen da suka yi aiki ƙarƙashin Baba tun ban san shi ba. Wani ya kira sau uku, kowane karo tambaya ɗaya yake yi, wai ko hatsari ne. Ba hatsari ba ne, kuma ba jinya. Mutum ne da ya haura sittin yana tuƙa keke zuwa aiki, ba ya cin goro, ba ya shan lemon kwalba.

Washegari, ɗakin Inna, matar Baba, cike da mata, ta ɗago kai ta neme ni da ido.

"Ɗiyata, ke aka ce kina wurin. Matso. Gaya mini yadda aka yi."

Na matsa na gaya mata. Muna ɗakin taro na kamfanin shinkafar da muke aiki, ni da shi da shugabannin sassa biyu. Yana tsaye gaban farin allo. Ya zana da'ira, ya rubuta "gona" a cikinta, ya juyo wajen shugaban sashen saye ya ce, "To, in ruwa ya rufe ta..." Sai ya yi shiru. Na ɗauka kalma yake nema, don ya saba tsayawa haka. Ya miƙa hannu ya dafa allon. Allon mai taya ne, ya gangara, Baba ya bi shi har ƙasa.

Tun da aka ɗaura mini aure da ɗansa ban taɓa haɗa ido da shi da gangan ba, balle in taɓa shi. Ran nan ni na ɗora kansa a cinyata. Hularsa ta faɗi gefe. Ashe sanƙo gare shi, ban taɓa sani ba. Kafin direba ya kawo mota bakin ƙofa jikinsa ya saki. A asibiti likita ya ce zuciya ce.

Inna ta saurara har na gama. Sannan ta yi tambayar da nake tsoro.

"Ya samu yin kalmar shahada?"

Gwaggo tana bayan Inna, ta gyaɗa mini kai a hankali, alamar in ce e. Wallahi na so in faɗa.

"Inna, na yi ta faɗa masa a kunne. Leɓensa ya motsa. Amma ban ji ba."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna ta dube ni.

"Ba ki ji ba," ta ce. "Amma ba ki ce bai faɗa ba."

"A'a, Inna."

"To, shi ke nan. Wanda aka faɗa dominsa ya ji."

A nan na fashe da kuka, domin maganar Baba ce ta fito daga bakinta. Kullum yana cewa rashin sani daban, babu daban. Yana faɗa wa 'ya'yansa a gida in sun ce babu gishiri a shago alhali ba su tambaya ba, yana faɗa wa manyan ma'aikata a ofis, har kwamfuta ya koya wa. Domin kada irin waɗannan su bi shi kabari na zauna nake rubuta wannan.

Na san shi a matsayin shugaba kafin in san shi a matsayin suruki. Na gama karatun kwamfuta na dawo gida Shanga, na samu aiki a kamfanin, aka ce in je wurin wani dattijo da ya dawo daga Legas. Na same shi zaune a ƙasa kan tabarma cikin ofis, kujerarsa ya ɗora mata tulin littattafai. Bai tambaye ni sakamakon jarrabawa ba. Cewa ya yi, "Malama, mene ne buhu?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Shi bai yi ba.

Ga abin da yake nufi. Kamfanin yana da sassa da yawa: masu saye daga manoma, masu sufuri, masu injin casa, masu sito. Kowane sashe da manhajarsa, an saye su a lokuta daban daga mutane daban, kuma ba sa jin maganar juna. In mai saye a Shanga ya ce buhu, shanshera yake nufi, wadda ba a cashe ba, an cika buhun har ya yi tozo. In mai sito ya ce buhu, casasshiya yake nufi, an auna an ɗinke. Kalma ɗaya, abu biyu. Sai manaja ya haɗa rahoton wannan da na wancan, ya ga kamar kaya na ɓacewa a hanya, ya fara zargin direbobi.

Aikin Baba shi ne ya zana kamfanin gaba ɗayansa: wane sashe ke yin me, da wace manhaja, wane bayani ke fita daga ina ya shiga ina, wa ya dogara da wa. Ya yi irin wannan aiki shekaru a manyan ma'aikatu. Ya ce a da kan takarda suke zanawa, a manna a bango, kafin wata ya zagayo zanen ya zama ƙarya. Shi ya sa ya koma rubuta shi yadda kwamfuta za ta iya karantawa. Gajerun jimloli ne masu gaɓa uku, abu da dangantaka da wani abu. Wannan kwalekwale yana sauke kaya a Wara. Wara tana cikin Ngaski. Sashen sufuri yana kula da wannan kwalekwale. Kowane abu ya ba shi adireshi guda irin na shafin intanet, ta yadda ko sassa uku sun kira shi da suna uku, kwamfuta ta san abu ɗaya ne. In jimlolin suka taru sai su sarƙu, ka yi tambaya a wannan gefe amsa ta fito daga wancan.

Amma kafin a rubuta ko jimla ɗaya sai an yarda da ma'anar kalmomin: ire-iren abubuwan da ke akwai, da yadda wani ke danganta da wani. Wannan yarjejeniya ita masana ke kira ontoloji. Baba ba ya son sunan. Ya ce ya fi aikin ban tsoro, in ka faɗe shi gaban mai sito sai ya tuna yana da uzuri. Shi "zaman sulhu" yake ce masa. Haka kuwa yake yi, ya tara mutum biyu da ba sa ga maciji, ya sa musu gyaɗa a faranti, ya ce kowa ya faɗi abin da yake nufi da buhu. Ba ya barin kowa ya tashi sai an samu suna biyu don abu biyu.

Yana da taurin kai, kada in ɓoye. A kan haka muka yi faɗanmu, tun ban yi aure ba, bakina bai san nauyi ba. So yake sai an gama fayyace komai, buhu da manomi da gona da mota da ma'aikaci, kafin a bar kowa ya taɓa tsarin. Watanni suka wuce. Wata rana a gaban mutane na ce masa, "Ranka ya daɗe, kaka ta kusa, mu har yau muna kan buhu. A saki wanda aka gama mana, mutane su fara aiki da shi."

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Gini ake yi, Malama. Ba a shiga ɗaki ana cikin zuba masa tushe."

"Direbobin da ake zargi fa? Su jira tushe?"

Ya naɗe tabarmarsa ya fita. Ya yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Na fara tunanin neman wani aiki. Sai wata safiya na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli a kan teburina. Yana tsaye ya ba ni baya yana goge allo.

"Saki na buhun," ya ce. "Na buhun kawai."

Bai taɓa cewa ni ce da gaskiya ba, har ya bar duniya. Kuma bai daina halinsa ba, kowane sabon yanki sai mun ja kafin ya sake shi. Wani lokaci jinkirin nasa ya cece mu, wani lokaci ya ɓata mana lokaci a banza. Amma daga kakar nan aka daina kiran direbobi ɓarayi.

In ruwan sama ya hana keke, ɗansa ke zuwa ɗaukarsa a babur. Ta nan muka saba. Maigidana ya ba ni labari cewa ranar da ya gaya wa Baba ni yake so, Baba ya ce, "Ka san ta fi ka kai ko? To, in ka sani, bismilla."

Da aka sa rana sai magana ta taso. Baba Babba ya ce ba a taɓa yi ba, suruki da matar ɗansa su wuni ɗaki ɗaya suna musayar magana. Innarmu ma a Shanga ta goyi bayansa, ta ce ina kunya ta tafi. Kowa ya ɗauka a wuce wurin, ni zan ajiye aiki. Na yi kuka a ɓoye, na shirya haƙura. Ina son aikin, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta kai nan.

Baba bai yi gardama da wansa ba. Ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Gaskiyarka, Yaya. In dole ɗaya ya bari, ni zan bari. Ni na ci zamanina." Washegari ya shiga wurin manaja ya ce a nemi wani. Ba barazana yake yi ba, har ya fara kwashe littattafansa a buhu. Manaja da kansa ya zo zauren Baba Babba ya durƙusa. Aka yi ta kai da kawo, daga ƙarshe Baba Babba ya ce, "Ku je ku yi ta yi, ni ban ga komi ba."

Sai muka samo wa kanmu hanya. A ofis ni Malama ce. A gida in durƙusa in gaishe shi, shi kuma ya bi ta wurin Inna. Ina tsugune a gabansa zai ce, "Ki gaya wa ɗiyarki miyar ta yi daɗi." Inna ta ce, "Ga ta nan, ai ta ji." Ya ce, "Ke dai gaya mata."

Abin da ya gagare ni shi ne musu. Bayan biki bakina ya mutu. In na ga ya kauce sai in yi shiru, in gyara a ɓoye. Bai daɗe ba ya gane.

"Malama, tun da aka yi bikin nan kin daina cewa na yi kuskure. Na daina yi ne?"

Na sunkuyar da kai. "A'a, Baba."

"To, ga allo nan. Shi ba surukinki ba ne. Gaya masa, ni ina saurare."

Haka muka ci gaba. In tsaya in fuskanci allo in ce wannan layin bai yi ba, shi yana baya yana cewa allon bai yarda ba. Sabbin ma'aikata sukan ɗauka taɓuwa gare mu.

Yana da wasu halaye da ban san ina ya samo su ba. Ba ya cewa "kwamfuta ta ce". In wani ya faɗa sai ya ce, "Wa ya gaya mata?" Ba ya shan ruwan sanyi. In zai yi tunani sai ya cire takalmi ɗaya. Yara in sun yi masa tambaya, ko ta shirme ce, sai ya tsaya ya ba su amsa kamar manya, har Inna ta ce abinci na hucewa. Kuma duk wanda ya zo neman aiki aka ƙi ɗaukarsa, Baba kan bi shi har bakin ƙofa ya gaya masa abin da zai je ya koyo.

Abin da ya tsayar da shi gaban allo ranar Talatar nan maganar Wara ce, wani gari a bakin tafki. Shugabanni sun yanke shawarar rufe wurin karɓar shinkafa na can, don manhajar sashen saye ta nuna gonaki kaɗan ne a yankin. Baba ya ce manhajar ba ta ce babu ba, ba a gaya mata ba ne. Ita gona a wurinta sai fili mai iyaka, wanda ke nan duk shekara. Mutanen bakin tafki kuwa, Gungawa da Kambari da Hausawa, jira suke ruwa ya ja baya su shuka a inda ya bari. In ruwan ya dawo, a daidai wurin za su jefa taru. Wata shida gona, wata shida wurin kamun kifi. Shinkafarsu tana shigowa injin, amma a kwamfuta ba ta da asali.

Ya sha shiga kwalekwale ya je ƙauyukan, a shekarunsa, ba ya ma iya iyo. Ya zauna da su ya yi ta tambaya. Ya dawo ya ƙara sabon nau'in gona a tsarin, gona mai lokaci, wadda ke bayyana ta ɓace. Saura ya shawo kan shugaban sashen saye kafin babban taro. Yana cikin yi ne Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki manaja ya aiko a tambaye ni ko zan iya. Maigidana ya ce in je. Na shiga ɗakin taron na tarar an mayar da allon wurinsa, da'irar tana nan, mai shara ya ƙi gogewa. A zaune na yi bayani. Na yi wa tsarin tambaya a gabansu: in aka rufe Wara, me zai tsaya? Ya bi jimlolin nan ɗaya bayan ɗaya ya kawo amsa. Kwalekwalen haya za su tsaya. Matan da ke turara shinkafa a gefen injin za su rasa aikin rani. Injin casa na biyu zai zauna ba abin casawa tsawon watannin da gonakin tudu ba sa kawo komai. Babu wanda ya taɓa ganin waɗannan a wuri ɗaya, don kowanne yana cikin manhajar wani sashe.

Ba a rufe Wara ba. Amma an ce lokacin girbin bakin ruwa kawai za a riƙa buɗewa, kuma har manaja ya fara maganar sayo babbar manhaja daga waje wadda za ta haɗiye sauran. Ban sani ba ko aikin Baba zai rayu a cikinta. Ina nan ina ja da su, yanzu ba mai tsaya mini a baya.

Da ruwa ya fara ja na tafi Wara da kaina, na shiga kwalekwale zuwa wani ƙauye da waya ba ta kamawa, don in gaya musu ba za a rufe ba. Shugabar matan da ke noman bakin ruwa a can wata dattijuwa ce Bakambara, Kirista. Na same ta cikin laka har gwiwa tana dasa iri. Ta hango ni ta fito tana dariya, tana leƙen bayana.

"Ina Malam mai tambaya? Ko ya ji tsoron ruwa yau?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ɗauka duk duniya ta ji.

"Mama, Allah ya yi masa rasuwa."

Dariyar ba ta bar fuskarta nan take ba. Ta dube ni, ta dubi mai kwalekwale, shi ya sunkuyar da kai. Irin da ke hannunta ya zube. Ta zauna daɓas a cikin lakar.

"Wane ciwo?"

"Ba ciwo. Faɗuwa ya yi yana magana."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Matan da ke nesa suka bar aiki suka nufo mu. Ta yi musu magana da yarensu, ɗaya ta saki salati, wata ta kira sunan Yesu.

Can ta share fuska da gefen zane.

"Ya bar mini aiki," ta ce. "Ya tambaye ni sunan ƙasar nan a bakinmu, lokacin da ruwa ya sake ta amma ba ta yi ƙarfin ɗaukar mutum ba. Na ce na manta, sai na tambayi tsofaffi. Na je har tsallake wurin yayata na samo. Tun ran nan nake riƙe da kalmar kada ta kuɓuce. To yanzu wa zan ba?"

"Ba ni, Mama."

Ta faɗi kalmar. Na maimaita, ta girgiza kai. Na sake, ta ce ba haka ba, daga maƙogwaro ake fara ta. Ta kama hannuna da nata mai laka, ta sa na yi ta faɗa har bakina ya iya.

"Yawwa," ta ce. "Kada ki yar."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata masa makwanci. Ya ba Inna haƙurin zama a ɗakin da babu shi. Mu da muka saura, Allah ya sa in tamu ta zo ta same mu a kan aikin alheri.